Amsoshin Tambayoyinku: Masu Zama a Jirgin Ruwa a Tsibiran Karibiyan

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga mutanen nan da ake gani a YouTube suna zaune da iyalansu a cikin ƙananan jiragen ruwa masu filafilai, suna tashi daga wannan tsibiri su sauka a wancan. Da yake irin wannan zama ya bambanta daga teku zuwa teku, zan tsayar da amsoshina a kan yanki guda, wato jerin tsibiran gabashin Karibiyan da suka taso daga Martinik suka gangara kudu ta Sent Lusiya da Sent Binsent har zuwa Girenada, domin yana cikin wuraren da masu wannan rayuwa suka fi yin dandazo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Zariya. Ina yawan kallon wasu Turawa da suka ce sun sayar da gidansu sun tare a jirgin ruwa, kullum suna iyo a ruwa garai-garai kamar ba abin da ya dame su. Shin da gaske a nan suke kwana su tashi shekara da shekaru? Ina suke samun ruwan sha da wutar lantarki, kuma ba sai attajiri ne zai iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam ɗalibi. Da gaske ne, sai dai mafi yawan kwanakin shekara jirgin ba tafiya yake yi ba. A tsaye yake a wani lungu na gaɓar yammacin tsibiri, inda tudun tsibirin ya kare shi daga iskar gabas da kuma raƙuman ruwan Atlantika. Tafiyar da ake yi tsakanin tsibiran gajera ce. Daga Sent Binsent zuwa ƙaramin tsibirin Bequia da ke kudu da ita kimanin mil 9 ne na teku, daga kudancin Martinik zuwa arewacin Sent Lusiya kuma mil 20 da 'yan kai, kowane mil na teku kuwa mita 1,852 ne. Jirgi mai tsawon mita 12 yakan ci mil 5 zuwa 7 a awa guda, saboda haka wanda ya ɗaga anka da hantsi yakan sake sakinta kafin la'asar. Doguwar tafiya ita ce ta zuwa yankin. Masu fitowa daga Turai sukan taru a Las Palmas ta tsibiran Kanari a ƙarshen watan Nuwamba, da yawansu a cikin ayarin nan na ARC da aka fara a 1986, su ratsa kimanin mil 2,700 zuwa Rodney Bay ta Sent Lusiya, tafiyar da takan ci wa jirgi na gama-gari kusan mako uku.

Gidan nan kacokan, da mutanensa da kayansa, a kan anka guda da sarƙarta yake rataye, don haka sakin anka shi ne aikin da ya fi kowane muhimmanci. Ana neman ƙasa mai yashi, domin anka ba ta kama ciyawar teku da kyau, murjani kuwa an hana sakinta a kansa saboda ɓarnar da take yi masa. Idan zurfin ruwan mita 5 ne, sai a saki sarƙa kamar mita 25, a ba injin baya a hankali har ankar ta nutse cikin yashi, sannan mai jirgin ya sa gilashin ninƙaya ya nutsa ya gani da idonsa ko ta kama. Duk da haka barci ba ya nauyi. Da tsakar dare iska mai ruwa takan sauko daga kan dutse babu sallama, jirage su juya gaba ɗaya, sai ka ga tocila tana haskawa nan da can, ana ƙwala kira da Turanci da Faransanci, saboda ankar wani ta tsige, jirginsa yana sulalewa zuwa kan na maƙwabcinsa alhali shi yana ciki yana sharar barci.

Batun ruwa kuwa, tankin irin wannan jirgi yakan ɗauki lita 300 zuwa 600, kuma da shi za a sha, a yi girki, a yi wanka. Shi ya sa ake wanke kwanuka da ruwan teku sannan a ɗauraye da ɗan ruwan daɗi, wanka ma haka, mutum ya faɗa teku ya fito ya saɓa sabulu ya koma, sannan ya kore gishirin da abin da bai wuce gora ɗaya ko biyu ba. Masu hali suna da na'urar da ke matse ruwan teku ta cikin wata matata mai ƙananan ƙofofi da ƙarfin da ya ninka nauyin iskar sarari kusan sau 60, ta fitar da ruwan sha lita talatin zuwa ɗari a awa, gwargwadon girmanta. Marasa ita sukan tari ruwan sama da rumfar jirgi, ko su loda jarkoki a ƙaramin kwalekwalen roba su je gari su sayo. Duk wanda ya taɓa zama a unguwar da ake sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa ya san wannan lissafi sarai. Ya kamata a sani kuma cewa ƙananan tsibiran da ke tsakanin Sent Binsent da Girenada, irin su Carriacou da Union, ba su da koguna, mazaunansu ma da ruwan saman da suka tara a tankunan gidajensu suke rayuwa, saboda haka a lokacin rani baƙo ba ya samun ruwa kyauta.

Wuta daga farantan sola take zuwa, wasu su ƙara da farfelar iska, a tara ta a batura. Firji ne ya fi komai shanta, kuma idan aka yi kwana uku ana hadari, dole a tayar da inji a yi caji ko a kashe wani abu. Yawancin jiragen da ke kan anka ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Tagogin saman jirgi ake buɗewa iska ta ratsa, idan yayyafi ya sauko a tashi a rufe, idan ya ɗauke a sake buɗewa, wani lokaci sau da yawa a dare ɗaya.

Abin da bidiyo ba ya son nunawa shi ne gyara. Gishiri yana cin ƙarfe da waya, rana tana cin zare da roba, danshi yana kawo fumfuna a katifa da tufafi, bututun bandaki kuma yakan toshe da wani farin dutse da ke taruwa idan fitsari ya haɗu da ruwan teku, kuma mai jirgin ne zai kwance shi da hannunsa. Duk shekara ko shekara biyu sai an ɗaga jirgin an fitar da shi tudu, a kankare ƙasansa a shafa masa fentin da ke hana ƙwarin teku da gansakuka mannewa. Su kansu suna da wata ƙa'ida da suke yawan faɗa, cewa mutum ya ware kashi goma cikin ɗari na kuɗin jirginsa duk shekara domin kula da shi. Le Marin ta Martinik da Chaguaramas ta Tirinidad sun yi suna ne saboda a nan ake samun kayan gyara da ƙwararrun masu aiki. Akwai attajirai a cikinsu, babu shakka, amma da yawa 'yan fansho ne, ko masu aiki ta intanet waɗanda Starlink, wato intanet na tauraron ɗan'adam, ya sauƙaƙa wa al'amari a 'yan shekarun nan, ko kuma masu tsohon jirgi da ke ƙirga kowane kwabo. A ganina, abin da ya fi raba mai ɗorewa da mai sayar da jirgi bayan shekara guda ba yawan kuɗi ba ne, iya gyara ne da haƙurin ƙunci.

Tambaya: Ni uwa ce daga Maraɗi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda Musulmi zai yi ibada a irin wannan zama. Yaya zai yi alwala ga ƙarancin ruwa, yaya zai gane alƙibla a jirgin da ke juyawa, kuma me zai ci?

Amsa: Hajiya, tambayar alwala an riga an yi ta tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A hadisin Abu Huraira da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wani mutum ya ce suna hawa teku da ruwa kaɗan, idan suka yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, sai aka amsa masa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Don haka guga da igiya sun wadatar.

Alƙibla daga wannan yanki tana gabas ne maso arewa, kimanin digiri 67 daga arewa idan mutum yana Girenada, kuma kowane jirgi yana da kamfas. Wani abin sha'awa shi ne, jirgin da ke kan anka goshinsa yakan fuskanci inda iska ke fitowa, iskar wannan yanki kuwa mafi yawan shekara daga gabas ko arewa maso gabas take busowa, saboda haka sau da yawa goshin jirgin bai yi nisa da alƙibla ba. Wannan ba ya ɗauke wa mutum duba kamfas, domin jirgin yana lilo dama da hagu. Malamai sun yi bayani cewa mai salla a jirgi zai juya ya bi alƙibla idan jirgin ya karkata, ya yi a tsaye idan zai iya, in ba zai iya ba ya zauna; sauran rassan hukuncin na bar wa ma'abota fiƙihu.

Naman yanka na halal yana da wuya a ƙananan tsibirai, inda kaza daskararriya daga ƙasashen waje da naman alade suka fi yawa a kantuna. An fi samunsa a Tirinidad, wadda ke da tsohuwar al'ummar Musulmi da masallatai da dama. Kifi ne mafita, amma shi ma da sharaɗi. Manyan kifayen da ke farauta a gefen murjani, musamman barakuda, sukan tara wata guba da ake kira siguwatera, wadda asalinta wasu ƙananan halittu ne da ke manne a ciyayin teku, ƙananan kifaye su ci, manya su ci ƙanana. Dafuwa ba ta kashe ta, daskararwa ma haka, kuma ba a gane ta a ɗanɗano ko wari. Wanda ya ci yakan yi amai da gudawa, leɓɓansa da yatsunsa su riƙa tsitstsira, har ya taɓa abu mai sanyi ya ji kamar yana ƙona shi. An fi fama da ita daga Martinik zuwa arewa. Hanyar kariya ita ce cin kifayen buɗaɗɗen teku irin su tuna, da kuma tambayar masuntan wurin kafin a ɗora tukunya.

Tambaya: Ni tsohon malamin labarin ƙasa ne a Katsina. Na karanta cewa mahaukaciyar guguwar da ke addabar waɗannan tsibirai daga nahiyarmu take tasowa. Ko haka ne? Kuma ina masu jiragen suke ɓuya idan ta zo?

Amsa: Haka ne, Malam, kuma Allah ya ƙara wa malamai daraja. A lokacin damina wasu tarin hadari sukan haɗu a kan yankin Sahel, daga wajen Sudan da Chadi, su riƙa tafiya yamma ɗaya bayan ɗaya duk kwana uku zuwa biyar. Su ne ke kawo mana irin ruwan nan da ke zuwa da iska daga gabas. Idan suka fita teku ta gaɓar Senegal da Gini, suka wuce tsibiran Cape Verde, suka tarar da ruwan teku mai ɗumin da ya kai digiri 26 da rabi ko fiye, wasunsu sukan fara juyawa su ƙarfafa, kuma mafi yawan manyan guguwoyin Atlantika daga nan suke samo asali. Ƙurar Sahara ma tana ƙetarawa, musamman a watannin Yuni da Yuli, har ta dusashe sararin sama ta bar jan ƙasa a kan farantan sola, sai dai masu jirage ba sa ƙinta sosai, domin busasshiyar iskar da ke ɗauke da ita tana hana guguwa girma.

Lokacin guguwa a hukumance daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, kuma shi ne ke tsara kalandar kowa. Kamfanonin inshora sukan shata wani yanki a taswira su ce duk jirgin da guguwa mai suna ta samu a cikinsa a waɗannan watanni, to ko dai ba za a biya ba ko a biya da sharuɗɗa masu tsauri. Saboda haka da zarar Mayu ta kama sai a watse. Wasu su koma Turai ta tsibiran Azores, wasu su nufi tsibiran Bonaire da Curaçao da ke can yamma, mafi yawa kuma su gangara kudu.

Shekaru da dama an ɗauki Girenada a matsayin tudun mun tsira, domin tun guguwar Janet ta 1955 ba ta ga babbar guguwa ba. A ranar 7 ga Satumban 2004 Ivan ta rushe wannan zato: ta lalata kusan kashi 90 cikin ɗari na gidajen tsibirin, jiragen da aka jera a tudu kuma suka faɗa kan juna. Daga nan ne aka tsananta ɗaure jirage da ƙarafan da aka kafa a ƙasa, ana kuma cire musu filafilai da duk abin da iska za ta kama, wasu ma har da dogon jigon da ke riƙe filafilan. Shekara ashirin bayan haka, a ranar 1 ga Yulin 2024, Beryl ta sauka a kan Carriacou da iska mai gudun kusan kilomita 240 a awa, tun lokacin guguwa bai yi nisa ba. Jiragen da suka shige cikin kurmin itatuwan bakin ruwa na Tyrell Bay, mafakar da aka daɗe ana dogara da ita, sun hau kan juna, a tsibirin Union kuwa gidajen da suka tsira da rufinsu kaɗan ne. Waɗanda suka ga hasashen yanayi suka ɗaga anka da wuri suka yi tafiyar dare zuwa Tirinidad, suna cikin waɗanda suka fita da jiragensu lafiya.

A nan akwai abin da nake ganin bai kamata a tsallake ba. Mai jirgi yana da damar da ɗan tsibiri ba shi da ita, domin shi gidansa yana tafiya. Masuncin Union ko na Petite Martinique ba shi da inda zai kai rufin ɗakinsa. An shaidi masu jirage da dama da ɗaukar ruwa da abinci da tamfol daga Girenada da Tirinidad zuwa tsibiran da Beryl ta ɗaiɗaita, kuma wannan ya dace, tun da a ruwan mutanen suke zaune, haraji kaɗan suke biya.

Tambaya: Daga wata ma'aikaciyar jinya a Jos. Ina tausayin yaran da nake gani a jiragen. Suna zuwa makaranta kuwa? Kuma babu 'yan fashi?

Amsa: Malama, yawancinsu iyayensu ne ke koyar da su da safe, da manhajar karatu daga nesa ta ƙasarsu, da rana kuma a haɗu da yaran sauran jirage a bakin yashi. Iyalai masu yara sukan bi juna daga tsibiri zuwa tsibiri saboda wannan dalili, kuma da yawa sukan koma tudu idan yaran sun isa sakandare. Yaro ƙarami ba ya hawa saman jirgi ana tafiya sai da rigar ceto da igiyar da ta ɗaure shi da jirgin. Ciwon da aka fi tsoro shi ne zazzaɓin dengi da sauro ke kawowa, sai kuma rauni a wurin da asibiti yake da nisa.

Sata mafi yawa ita ce ta kwalekwalen roba da injinsa, wanda shi ne motar gidan, don haka ake ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo ko a ɗage shi daga ruwa da dare. Mummunan hari ba kasafai yake faruwa ba, amma yana faruwa: a Fabrairun 2024 wasu fursunoni uku da suka tsere a Girenada sun ƙwace jirgin wasu ma'aurata Amurkawa suka kashe su, aka kama su a Sent Binsent. A manyan wuraren tsayawa ana buɗe rediyon jirgi kowace safiya, a ji hasashen yanayi, a sanar da wanda ya iso da wanda zai tashi da abin da aka sace, tasha ta 16 kuwa ta kiran gaggawa ce a ko'ina.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Legas, asalina Sakkwato. Idan mutum yana da fasfon Najeriya da kuɗinsa, zai iya sayen jirgi ya riƙa yawo tsakanin tsibiran nan yadda ya ga dama?

Amsa: Alhaji, sayen jirgin ne mai sauƙi a cikin lamarin. A tazarar da ba ta kai mil 200 ba tsakanin Martinik da Girenada akwai hukumomi huɗu, kowace da kwastan da jami'an shige da ficenta. Tsibirin Petit Saint Vincent da na Petite Martinique ana hangen mutanen juna, amma ƙasa biyu ne. Duk jirgin da ya shigo sabuwar ƙasa sai ya ɗaga tuta rawaya, ya tsaya a tashar da aka amince da ita, kamar Port Elizabeth a Bequia ko Clifton a Union, shugaban jirgin shi kaɗai ya sauka da fasfunan kowa da takardun jirgi da takardar sallama daga ƙasar da ya baro. Sai an buga hatimi sannan a sauke rawayar a ɗaga ƙaramar tutar ƙasar, sauran mutane su taka tudu. Kuɗi ma yana canzawa: Martinik yanki ne na Faransa, da yuro ake ciniki, sauran ukun kuma da dalar gabashin Karibiyan, wadda tun 1976 aka ɗaure ta a kan 2.70 ga dalar Amurka guda.

Wannan yawo da ake yi wa kallon 'yanci tsantsa ya ginu ne a kan fasfon da ake buɗe wa ƙofa ba tambaya. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya bincika sharaɗin kowace ƙasa daban kafin ya tashi, kuma ya sani cewa bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai ba ta shigar da mutum Martinik, domin yankunan Faransa na ƙetare suna da tasu biza. Katin allurar shawara ma ya kasance a hannu, tun da ana iya nemansa daga wanda ya fito daga ƙasashenmu.

Shawarata ita ce kada a fara da saye. A nan Legas akwai kulob ɗin masu jiragen filafilai da aka kafa tun 1932, inda mutum zai ga yadda ake sarrafa iska da zane kafin ya kashe ko sisi a waje. Daga nan akwai kwasa-kwasan RYA, ƙungiyar masu tuƙin ƙananan jiragen ruwa ta Birtaniya, waɗanda makarantu ke koyarwa a ƙasashe da dama, kuma takardar shaidarsu tana cikin abin da kamfanonin haya da na inshora ke karɓa. Bayan haka sai a yi hayar jirgi da matuƙinsa na mako ɗaya ko biyu a cikin watan Janairu, lokacin da iska ta fi ƙarfi, a ƙetare mashigin da ke tsakanin Sent Lusiya da Sent Binsent, inda raƙuman Atlantika ke shigowa babu abin da ya tare su, a ga yadda cikin Alhaji da na uwargida za su ɗauki lamarin.